Ni da Surukina a Gasar Harbin Akra

Tun da muka dawo daga Ghana ban huta ba. In na je coci, ana tashi sai a tare ni a bakin ƙofa. In na je shan shayi a Rikoto, kafin a zuba mini madara an kewaye ni. Tambayar ɗaya ce: "Kofur Ishaya, ina kofin da kuka je ɗaukowa?" Wasu kuma sai su matso, su rage murya: "Wai gaskiya ne abin da aka ce ka yi wa surukinka?" Bakina ya gaji. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta, ni kuma in sha shayina da zafinsa.

Ni tsohon soja ne, kuma a Zuru wannan ba abin a juyo a kalle ka ba ne, kusan kowane gida da nasa. Muna da ƙungiyarmu ta tsofaffin sojoji. In mun taru ba mu da aiki sai ƙorafin fansho da ƙaryar harbi. Kowa gwani ne a baki. Akwai wanda hannunsa ke rawa har ba ya iya kai cokali baki, amma ya rantse ya taɓa harbo kwalba daga ƙetaren kogi. Wata rana na ga wani wasa a waya, mutum yana gudu da ƙaramar bindiga tsakanin katangu, yana harbin kwalaye, alƙali na bin sa da agogo. Na ce ga maganin maƙaryata ya samu. Mu shirya irinsa a Zuru, ba da fistol na gaske ba, da bindigar iska mai ƙwayar roba, a ga wanda zai iya.

Na je neman izini wurin hukuma. Jami'in ya saurare ni har na gama, sannan ya ce a wannan zamani da muke ciki, ko kara ka sassaƙa ya yi kama da bindiga sai an yi bayani. Ya ce in kawo shaidar cewa a cikinmu akwai wanda ya koyi alƙalancin wasan, ya san dokokin kiyaye rai, sannan a yi magana. Ban ga laifinsa ba. Sai dai a nan kusa ban san inda ake koyar da wannan ba.

Nan ne surukina ya shigo. Baba Saje, mahaifin matata Rifkatu, yana da aboki ɗan Ghana, Oga Kofi, da suka yi aikin kwantar da tarzoma tare a Laberiya. Shi Oga Kofi da ya ajiye kaki sai ya buɗe kulob na harbi mai lasisi a bayan garin Akra. Baba ya buga masa waya. Oga Kofi ya ce mu taho: ni a koya mini alƙalanci a ba ni takarda, Baba kuma ya shiga gasar da za su yi, a rukunin dattawa, za a ba shi aron fistol a can. Kafin mu sayi tikiti Baba ya gama zagaye Zuru da labarin zai je ɗauko kofi. Har an kawar da fulawar roba daga kan talabijin ɗinsa an share wurin.

Wanda ba ɗan wajenmu ba ne dole in yi masa bayanin abin da suruki yake. Ban samu Rifkatu a arha ba. Golmo na yi, wato noman da saurayi ke yi a gonar uban yarinya, damina bayan damina, ni da abokaina, har sai da tafin hannuna ya koma kamar ƙirgi. Daga ranar zuwa yau ban taɓa haɗa ido da Baba ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In zan yi masa magana sai na rage tsawo. Sunansa kuwa bai taɓa fita daga bakina ba. Ɗana na fari da aka sa wa sunan, Abba nake ce masa, ga shi yau har ya yi gemu. Ƙari a kan haka, shi saje ne, ni kofur. Ta ko'ina aka auna, ni ne a ƙasa.

Ranar tafiya Rifkatu ta raka mu tasha. Ba ta ce mini a sauka lafiya ba. Cewa ta yi, "Ga ubana nan. Yadda ka tafi da shi haka za ka dawo mini da shi, har da darajarshi."

Mun so mu bi ta arewa, ta iyakar Kamba, yadda fatake suke yi a da, aka ce hanyar ba ta da daɗi yanzu. Sai muka yi kudu, Kontagora, Mokwa, Jebba, muka nufi Legas. Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne cikina. Kujerarmu ɗaya da Baba, kafaɗa da kafaɗa. Shi yana ta warware ƙunshin da 'yarsa ta yi masa, ƙuli-ƙuli da dambun nama, yana tauna a hankali, ni ina kallon taga ina haɗiyar yawu. Duk inda mota ta tsaya sai in ce zan zaga. A Mokwa na laɓe bayan wata tankar mai da soyayyar doya a leda, ina turawa biyu-biyu. Ban ankara ba tankar ta tashi. Na ɗago kai sai ga motarmu a gabana, fasinjoji duka suna kallona ta taga, kumatuna a cike. Baba ya juyar da kai wajen ɗaya tagar, ya yi kamar yana karanta allon wani shago. Wannan karamcin nasa ya fi mini zagi ciwo.

Legas ba mu ga komai ba sai bayan motoci. Muka kama hanyar Seme, bakin iyakar Benin. Tun a mota na shirya abin da za mu ce in an tambaye mu: ziyarar aboki. Na faɗa wa Baba har sau biyu, ya gyaɗa kai. Na manta cewa kunnensa ya yi nauyi tun zamanin atilare, kuma duk abin da bai ji ba gyaɗa kai yake yi.

Jami'in ya karɓi fasfo ɗinmu da katin rigakafi, ko ɗago kai bai yi ba ya ce me za mu je yi a Ghana. Ashe yana jin Hausa, don da ya ga an rubuta Zuru sai ya maimaita tambayar da ita, da ƙarfi. Baba ya gyara tsayuwa ya ce, "Harbi."

Jami'in ya ajiye biro. "Harbin me, Baba?"

"Duk abin da aka sa gabana, yaro. Ba ni kuskure."

Aka ce mu koma gefe. Aka zazzage jakunkunanmu a kan tebur, sai ga tsohon bel ɗin Baba na soja da kuben fistol a jiki, wayam, ya sha man goge takalmi yana ƙyalli. Suka ce ina bindigar? Baba ya ce, "Tana can tana jirana." Ni dai ina ta "Oga, don Allah," ina lalubar takardar gayyatar Oga Kofi da na adana da kyau har na manta inda na sa ta. A cikin safa na same ta. Aka kira wani babbansu ya karanta, ya duba littafin sallamar Baba daga soja, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce shi ma ubansa soja ne, kuma haka yake, ba a fita da shi. Ya buga mana hatimi, ya ce in an ci kofi a biyo a nuna masa. Baba ya ce ya sa ido.

Kwatano garin babura ne. 'Yan kabu-kabunsu duk riga ruwan ɗorawa suke sawa, in danja ta sake su sai ka ce an fasa gidan zuma. Mata ma suna tuƙi, da goyo a baya da tire a ka. Baba ya ce in aka kawo waɗannan matan hanyar Ribah ta wajenmu, samarinmu sai su koma noma. Burodinsu dogo ne mai tauri, ya ɗauki ɗaya ya auna a hannu ya ce wannan kulki ne. Faransanci kuwa ba mu da ko kalma. Dabarar Baba ita ce ya ɗaga murya da Hausa, wai in ka yi da ƙarfi za su gane. Abin haushin, dabarar tana ci, domin duk inda ya yi ihu sai wani mai tsire ko ɗan canji ya ɓullo ya ce, "Baba, lafiya? Me kake nema?" Togo kuma ba zan ce mun gan ta ba. Baba ya fara gyangyaɗi bayan an buga mana hatimin shiga, na tashe shi a wurin hatimin fita. Ya ce ƙarya ne, ba a yin ƙasa 'yar ƙarama haka.

A Akra, Oga Kofi ya sa aka kai mu masauki a Nima, unguwar da Hausa ta fi Turanci yawa, gidan wata Hajiya Mariya mai ba da hayar ɗakuna. Ta buɗe mana ɗaki, gado ɗaya, ta ce, "Ga shi nan, babba ne, zai ɗauke ku ku biyu." Na ce Hajiya, surukina ne. Ta ce, "To shi na cizo ne?" Na karɓi tabarma na shimfiɗa a baranda, sauron Akra ya yi bikin da bai taɓa yi ba.

Abincinsu sai wanda ya gani. Akwai wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawon masara, suna ce masa dokunu. Baba ya warware, ya sansana, ya ce wannan tuwon shekaranjiya ne aka naɗe don kada a gane. Ya tura shi gefe. Da ya ɗanɗana baƙin yajinsu da soyayyen kifi sai ya jawo shi, ya cinye, ya tambaya ko akwai saura. Shinkafa da wakensu kuma ba a barinta ita kaɗai, sai an ɗora taliya da garin rogo da ƙwai, kamar mai kwashe kaya zai tashi daga gida. Hajiya tana zuba mana tana tambaya daga ina muke. Da ta ji Zuru sai ta tafa hannu. "Akwai mutuminku nan! Bawa, shi na gasa nama a bakin kasuwa. Ya daɗe bai je gida ba, kullum Zuru, Zuru. Zan aika mishi." Muka ce madalla, muka manta da zancen.

Filin harbin yana bayan gari, a cikin wani tsohon ramin da aka haƙi tsakuwa. Oga Kofi ya rungume Baba har ya ɗaga shi sama, yana Hausarsa ta bariki: "Saje! Kai bai mutu ba!" Sannan ya haɗa ni da 'yarsa, Madam Abena, ita ce babbar alƙaliyar kulob ɗin. Ba ta kai Rifkatu shekaru ba, ba ta da jiki, amma in ta yi magana har ubanta tsayawa yake.

Wasan ba irin harbinmu na soja ba ne, da za a jera ku a kwance kowa da allonsa. A nan an gina lunguna da katako, da ƙofofi da tagogi. Mutum ɗaya ke shiga, fistol a kube. Alƙali yana bayansa da 'yar na'ura, in ta yi ƙara sai ya zaro, ya bi lungu yana harbin kwalaye masu ruwan ƙasa da farantan ƙarfe. Akwai fararen kwalaye a tsakani, su ba a taɓa su, in ka huda ɗaya an rage maka maki. Ana duba saiti, ana duba sauri. In mutum ya gama, kowa sai ya shiga ya liƙe hujojin da 'yar takarda mai gam. Kowa fa. Na ga manajan banki da wani likita mai tumbi suna durƙuso suna liƙe kwali. Baba ya ce, "A nan ba su da kurata ne?"

Dokokin kuma ba wasa. Ba ka taɓa bindiga sai alƙali ya ce. In kana tafiya, yatsanka ba ya kan kunamar bindiga. Babbar cikinsu: bakin bindiga yana kallon gaba, wajen tudun ƙasa, har abada. In ya juyo ya wuce layin kafaɗarka ya nufi wajen 'yan kallo, ko ba ka harba ba, ko na ƙiftawar ido ne, an kore ka daga gasar gaba ɗaya. Ba roƙo, ba "ka san ko ni wane ne."

Aka ba kowa tabarau da abin rufe kunne. Na Baba na musamman ne, mai batir, Oga Kofi ya ba shi nasa. Yana kashe ƙarar harbi amma yana ƙara muryar mutane. Baba ya sa, idonsa ya buɗe. Ya ce, "Kofur, tsuntsaye na nan ashe?" Daga ranar bai yarda ya cire ba. Da shi yake cin abinci, da shi yake zama a ƙofar gidan Hajiya yana jin gulmar maƙwabta.

Kwanakin koyo sun tafi daidai, har ranar da Madam Abena ta ce in gwada ba da umarni a kan mutum na gaske, ta turo mini Baba. Umarnin da Turanci ake yi, da tsawa: ɗura harsashi, ka shirya, tsaya. Na zo bayansa, gwiwoyina da kansu suka lanƙwashe. Na rage tsawo na ce a hankali, "Baba, in an ga dama, a ɗan sa harsashin."

Madam Abena ta ce, "Kofur, me ka yar a ƙasa?"

Na yi mata bayanin surukuta. Ta saurara, har ta ce su ma suna da irinta. Sannan ta ce, "Amma a cikin filin nan alƙali ba shi da uba, ba shi da oga. Ranar gasa kai za ka bi rukunin dattawa, ni ina bayanka. In ka ga kuskure ka yi shiru, ko ka tsaya neman lafazi mai daɗi, ba takarda. Ba don mugunta ba. Mutanen da ke tsaye a baya, ransu a bakinka yake."

Na roƙe ta ta canza mini rukuni. Ta ce ai saboda shi ta ba ni. Tun daga lokacin na shiga addu'a, ba ta Baba ya ci kofi ba, ta ya gama lafiya ba tare da na buɗe baki ba.

Ranar gasa Baba ya ba ni mamaki, ya ba kowa. Ba ya gudu, tafiyar fareti yake yi daga taga zuwa taga, amma duk inda ya nuna, nan ne. Faranti ɗaya harsashi ɗaya. Yatsansa a miƙe a gefen bindiga kamar yadda aka ce. 'Yan Ghana suka fara tafa masa suna "Ol soja! Ol soja!" Oga Kofi yana ta yawo yana gaya wa mutane abokinsa ne. Kafin azahar an ce a dattawa ba wanda ke kusa da shi. Ni ma na samu dabara, ina ba da umarnin da ƙarfi amma ina kallon ƙeyarsa, ina raya wa kaina wani ne. Gaskiya na ji daɗi. Na fara hango kofin nan a kan talabijin.

Saura lungu biyu a gama. Na'ura ta yi ƙara, Baba ya zaro, ya kwantar da kwalaye biyu, ya taka zuwa taga ta gaba. Sai wata murya ta taso daga can bayan igiyar 'yan kallo, da yarenmu na C'lela, tsantsa, irin na ƙauye. Gaisuwa ce cikakkiya, wadda ƙarami ke yi wa dattijo: an gaishe shi da aiki, an tambayi gida, an tambayi mutanen tudu. Bawa mai nama ne. Saƙon Hajiya ya same shi, ya rufe tukubarsa ya biyo mu har nan da ƙunshin tsire, ya hango dattijon garinsu, zuciyarsa ta kasa jira.

Da kunnen Baba na kullum ne, da bai ji ba. Amma na'urar Oga Kofi ta kai masa kowace kalma har cikin kai. A wajenmu kuwa ba a gaishe ka ka amsa da ƙeya. Wanda ya yi haka, har jikokinsa sai an yi musu gori. Na ga kafaɗarsa ta motsa. Na ga fuskarsa ta washe. Ya fara juyowa da jikinsa duka, hannu biyu a kan fistol, bakinta na biye da shi kamar yadda akan juyo da fartanya a hannu in an yi sallama a gona.

Na ce, "Baba." Bai kula ni ba, yana amsa gaisuwa. Na ce, "Sitop!" Ko gezau. Bakin bindigar ya wuce kafaɗarsa, ya doshi rumfar da mutane suke.

Sai na kira sunansa. Gatsal, ba Baba, ba Saje, da muryar da ban san ina da ita ba, har ramin tsakuwar ya amsa. Na cafke wuyan hannunsa na mayar da shi gaba. Sunan ba zan rubuta shi a nan ba, sau ɗayan ma ya ishe ni.

Baba ya sandare. Na waiga, ba kowa a tsaye sai Madam Abena. Manajan banki yana ƙarƙashin tebur. Likita ya kwanta rub da ciki, tumbin ya hana shi kaiwa ƙasa sosai. Bawa yana cikin kwalbati, hannu ɗaya a sama riƙe da ƙunshin tsire don kada ya taɓa ƙasa.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Saura aikin alƙali. Madam Abena kallona kawai take. Na miƙe sosai, na umarce shi ya cire harsashi, ya nuna mini bindiga ba komai, ya mayar kube. Ya yi duka, tsaf, yadda aka koya masa tun yana kurtu. Sannan na faɗa masa, a gaban abokinsa da baƙin mutane, cewa an kore shi daga gasa. Bai dube ni ba. Ya cire abin kunnen ya miƙa wa Oga Kofi, ya taka har bakin kwalbati, ya jawo Bawa, ya amsa masa gaisuwarsa tun daga farko har ƙarshe, ba abin da ya tsallake.

Bawa da ya fahimci abin da ya jawo sai ya fashe da kuka, ƙato da shi. Ya ce shi dai ya shekara da shekaru bai gaida kowa da yarensa ba. Ya bi mu har Nima yana ba da haƙuri, kuma har muka bar garin kullum sai ya aiko da nama, kamar mu ne aka yi wa rasuwa. Kofin dattawa wani tsohon ɗan sanda ya ɗauka, mutumin da na gani da idona ya huda farin kwali. Da yamma Madam Abena ta sa hannu a takardata, ta ce da na ƙara jinkiri kaɗan da yanzu wani zance ake yi. Na karɓa na sa a aljihu. Abin da na baro Zuru dominsa ke nan, amma ko kaɗan ban ji daɗinsa ba.

Baba ya daina yi mini magana. Ba faɗa, ba harara. In yana son abu sai ya nemi ɗan aike. "Hajiya, gaya wa wancan kofur ya ɗaure kaya." A mota, "Direba, tambayi na kusa da ni ko shi ke da tikiti." A Seme muka tarar da babban jami'in nan, ya hango mu ya taso da fara'a yana "Baba, ina kofi?" Baba ya nuna ni da haɓa ya ce, "Tambayi alƙali." Ya wuce.

Ni kuwa tun daga Legas nake tsara abin da zan gaya wa Rifkatu, ba wanda ya zauna. Na san yadda abin zai kasance in labari ya isa: za a tara dattawan gidansu, a ce wanda aka ba 'ya ya kira sunan ubanta a bainar jama'a, a ƙasar mutane, ya riƙe masa hannu kamar ɓarawo, ya kore shi. Wa zai tsaya jin zancen layin kafaɗa? Na yi tunanin in yaga takardar ko zai huce. Na tuna fuskar mutanen da ke cikin rumfar nan, na san ko yau aka sake, abin da zan yi ke nan. Wannan ya fi komai damuna, don ko haƙuri zan ba shi, ban san na me zan ce ba.

Mun wuce Kontagora da rana, mota ta rage mutane, duwatsun gida suka fara ɓullowa. Baba yana kallon taga. Ban yi zaton a farke yake ba sai na ji ya ce, "Ishaya."

Rabon da ya kira ni haka, ba Kofur ba, har na manta. Na zame daga kujera iyakar yadda wuri ya bari, na ce, "Na'am, Baba."

"Yatsana na kan kunama."

Na ce, "Baba?"

"Kai ba ka gani ba, yarinyar ma ba ta gani ba. Ni na sani. Da na ji yarenmu, hannuna ya manta komai." Ya ɗan jima yana murza gwiwarsa. "Tun da uwata ta mutu ba wanda ya kira ni da sunan nan da irin wannan murya. Shi ya sa na tsaya. Na ɗauka ita ce."

Idona ya cika. Na sunkuyar da kai ina kallon takalminsa, na ce a gafarce ni.

"In mun isa, ni zan yi wa Rifkatu bayani, da sauran. Kai ka rufe bakinka, ka riga ka buɗe shi ya isa." Ya gyara hularsa. "Kuma wasan nan naku na roba, ka rubuta ni farko. Kai za ka tsaya bayana, ban yarda da kowa ba."

"To, Baba."

"Amma ka ji ni da kyau. Kada ka ƙara kiran sunana."

"Ba zan ƙara ba, Baba."

Mota ta faɗa wani rami ta fito, ya dafe kujerar gaba. Har na ɗauka ya gama. Sai ya ce, yana kallon taga, "Sai dai in na juya."